An naɗa ka mai ba da shawara ko mataimaki a ma'aikata: abin yi tun daga karɓar takarda har miƙa ofis

Fitowar sunanka a sanarwar gidan gwamnati ba ta mayar da kai mai muƙami ba tukuna, ko da kuwa 'yan barka sun cika ƙofar gida. Abin da ke tabbatar da naɗi shi ne takardar kama aiki mai sa hannu, kuma a Kano irin waɗannan takardu daga ofishin Sakataren Gwamnatin Jiha suke fitowa, ta sashen bincike da harkokin siyasa da aka fi sani da REPA. Kafin ta shigo hannunka kada ka ajiye aikin da kake yi, kada ka buga kati mai ɗauke da sabon muƙaminka, kada kuma ka je Sakatariyar Audu Bako ko Gidan Murtala kana cewa a nuna maka ofishinka. Yakan faru a karanta suna a rediyo a yi makonni takarda ba ta fito ba, yakan kuma faru a sauya wa mutum ma'aikata ko matsayi tsakanin sanarwa da fitar takarda.

Ka fara sanin irin muƙamin da aka ba ka, domin ba duka tushensu ɗaya ba. Mai ba gwamna shawara na musamman muƙami ne da kundin tsarin mulki na 1999 ya ambata a sashe na 196. Gwamna ne ke zaɓar wanda yake so, amma Majalisar Dokokin Jiha ce ke ƙayyade yawansu da abin da za a riƙa biyan su, ta hanyar doka ko ƙuduri. Ba a kai mutum gaban majalisa a tantance shi kamar kwamishina, wanda sashe na 192 ya ce sai da amincewarta. Haka abin yake a tarayya ƙarƙashin sashe na 151, shi ya sa a watan Yuni 2023 Majalisar Dattawa ta amince wa Shugaba Bola Tinubu ya naɗa masu ba da shawara 20 ba tare da an kawo mata sunayensu ba. Su kuwa babban mataimaki na musamman da ake ce wa SSA, da mataimaki na musamman, da mataimaki na kusa da ake ce wa PA, da masu ɗauko rahoto da ake turawa ma'aikatu da sunan SSR da SR, duk ana lissafa su ne cikin ma'aikatan gwamna na kansa, waɗanda sashe na 208 ya ba shi ikon naɗawa da cirewa. Ka lura, haruffan SA ana sa wa mai ba da shawara, ana kuma sa wa mataimaki, alhali tsakaninsu akwai tazara a albashi da matsayi. Abin da aka rubuta dalla-dalla a takardarka shi ne naka.

Abu ɗaya ya haɗa su duka. Kundin ya ce ana riƙe muƙamin ne muddin gwamna na so, kuma yana ƙarewa ranar da gwamna ya bar kujera. Babu tabbatarwa a aiki, babu ƙarin girma na shekara-shekara, babu fansho, kuma ba dole ba ne a ba ka sanarwar wata guda kafin a sauke ka. Duk wani lissafi da za ka yi, na kuɗi ko na aiki, a kan wannan za ka ɗora shi.

Karanta takardar, sannan ka amsa a rubuce

Idan ka karɓi takardar ka zauna ka karanta ta sau biyu. Duba ranar da naɗin ya fara aiki, don daga ita ake lissafa albashi da haƙƙin sallama, ba daga ranar sanarwa ba. Duba ko an ambaci ma'aikata ko hukumar da aka tura ka, da wanda za ka riƙa kai wa rahoto: gwamna ne kai tsaye, ko Shugaban Ma'aikatan Gidan Gwamnati, ko kwamishina. Duba ko aikin na cikakken lokaci ne ko na wucin gadi, domin wannan zai shafi sana'arka. Duba kuma abin da aka ce game da albashi da alawus. Abin da ba a rubuta ba kada ka ɗauka kana da shi don wani ya ce maka haka aka yi wa na baya.

Ka rubuta gajeriyar takardar amincewa, ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ka tafi da ita. Wannan al'adar ta karɓar hatimi ka riƙe ta har ranar da za ka bar ofis.

Daga nan sai cike bayanai. A kan nemi takardar tarihin aiki, shaidar karatu ta asali da kwafi, shaidar haihuwa ko rantsuwar shekaru, shaidar ƙaramar hukuma, hotunan fasfo, lambar NIN, lambar BVN da lambar asusun banki. Abin da ya fi hana sababbin masu muƙami ganin albashin farko a kan kari shi ne saɓanin suna: a takardar naɗi Muhammad, a banki Mohammed, a NIN kuma an sa sunan unguwa a matsayin na uku. Kwamfutar biyan albashi ba ta san kai ɗaya ba ne. Ka daidaita su kafin ka miƙa, in kuwa a takardar naɗin ne kuskuren yake, ka mayar a gyara tun da wuri. Wanda ya gama digiri ko HND ya haɗa da shaidar hidimar ƙasa, ko ta yafewa idan ya kammala karatu bayan ya haura shekara 30. Kada ka yi wasa da wannan, kuma kada ka bari wani ya ce zai samo maka. Taƙaddama kan irin wannan takarda ce ta sa Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin ministar kuɗi a watan Satumba 2018. Idan aka ce ka je gwajin ƙwaya a hukumar NDLEA ka je, ba sabon abu ba ne a siyasar Kano.

Idan dama ma'aikacin gwamnati ne kai, ko malamin jami'a ko kwaleji, akwai mataki guda da ba a tsallakewa. Sashe na 208 ya ba wanda aka ɗauko daga aikin gwamnati damar komawa bakin aikinsa idan gwamna ya sauka, amma wannan damar sai ka tsare ta da takarda. Ka rubuta neman hutun barin aiki na wani lokaci, ko a ba da aronka, ta hannun shugaban wurin aikinka zuwa hukumar da ta ɗauke ka, ka haɗa da kwafin takardar naɗi, ka kuma jira amsa a rubuce. Wanda ya tafi da izinin baki, ranar da ya dawo zai iya tarar da fayil ɗinsa na cewa ya gudu daga aiki. Sannan ka tabbatar an tsayar da albashi ɗaya. Dokar ɗa'ar ma'aikata da ke jadawali na biyar na kundin ta hana mutum karɓar albashin muƙaman gwamnati biyu a lokaci guda, kuma idan tsohon albashin ya ci gaba da shigowa bisa kuskure, kai za a tuhuma. Kada ka taɓa kuɗin, ka sanar a rubuce, ka mayar ka karɓi rasit. Ka kuma tambayi ofishin fansho yadda za a yi da gudummawarka a tsawon hutun, don kada ka tarar da giɓi ranar ritaya.

Ɗan kasuwa ma da nasa. Dokar ta hana mai muƙami na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko wata sana'a ta kansa, noma kaɗai ta ware. Ba a ce ka sayar da shagonka na Kwari ko hannun jarinka ba, abin da aka hana shi ne ka ci gaba da tafiyar da shi da kanka. Ka sauka daga kujerar darakta ko manaja, a sanar da Hukumar Rajistar Kamfanoni, ka cire sa hannunka daga asusun kamfanin, ka damƙa wa wanda ka yarda da shi.

Fom ɗin bayyana kadara

Mai ba da shawara na musamman ba ya fara aiki sai ya bayyana kadarorinsa da basussukansa, ya kuma yi rantsuwar biyayya da ta kama aiki. Haka sashe na 196 ya ce. Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata na neman sauran mataimaka ma su cike, saboda haka kada ka ce muƙaminka ƙarami ne. Ka karɓi fom a ofishin hukumar na Kano, ka cike da kanka, ka rantse a kai gaban alƙalin Babbar Kotu, ka mayar cikin wa'adin da aka ba ka, ka karɓi takardar shaidar sun karɓa ka adana ta tare da takardun gidanka.

A nan mutane ke yi wa kansu illa ta hanya biyu. Wasu na ɓoye abin da suke da shi don kada a ce suna da dukiya: filin gado da ba a raba ba, fulotin da aka saya da sunan yaro, tsohon asusun da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba. Wasu kuma na rubuta abin da ba su mallaka ba tukuna, wai don in sun samu nan gaba a ce dama suna da shi. Duka biyun bayanin ƙarya ne, kuma hukumar na da ikon bincikawa. Ka rubuta kowane asusu da abin da ke ciki a ranar, kowane gida ko fili da inda yake da shekarar da ka same shi da yadda ka same shi, saye ne ko gado ko kyauta, da motoci, da hannun jari, da bashin da ake bin ka. Kayan 'ya'yanka marasa aure da ba su kai 18 ba su ma suna ciki. Za ka sake cikewa idan ka sauka, kuma a lokacin ne fom na farko zai yi maka rana ko ya kama ka, domin doka ta ce duk abin da ya ƙaru wanda albashinka ko halattaccen rance ko kyauta ba za su iya bayyana shi ba, ana ɗaukar sa a matsayin an same shi ta hanyar da ta saɓa wa dokar, sai in ka kawo hujja. Hukuncin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ya haɗa da sauke mutum, da hana shi riƙe muƙami har tsawon shekara 10, da ƙwace kadarar.

A cikin ma'aikata

Nan ne yawancin masu irin wannan muƙami ke tuntuɓe, kuma ba don rashin ƙwazo ba. Mutum ya fito daga yaƙin neman zaɓe inda waya ɗaya ke motsa mutum ɗari, ya shigo inda babu abin da ke motsi sai da fayil. Kwamishina shi ne shugaban siyasa na ma'aikata, shi ke kai takarda Majalisar Zartarwa. Babban Sakatare shi ne shugaban ma'aikatan wurin, shi ne kuma jami'in da ke amsa tambaya kan kowane kobo da aka kashe. Daraktoci a ƙarƙashinsa suke. Kai ba ka cikin wannan jerin. Ba ka da ikon ba darakta umarni, ko yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ko ba shi takardar tuhuma, ko amincewa da kashe kuɗi. Abin da kake da shi shi ne kunnen wanda ya naɗa ka, da damar shigar da shawara inda za a ji ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne in ka san yadda ake amfani da shi.

Ranar farko ka fara da ofishin kwamishina, daga nan ka wuce wajen Babban Sakatare da kwafin takardarka. Ka gaishe shi da ranka ya daɗe ko ranki ya daɗe, ko da ka girme shi, ko da kuna ganin juna a masallacin unguwa. Ka roƙi ya haɗa ka da daraktan mulki, wanda ake ce wa DAGS, don shi ke ba da ofis da kujera da katin shaida, ya kuma haɗa ka da daraktan tsare-tsare da bincike da ƙididdiga, don a wurinsa alƙaluman ma'aikatar suke. Ka nemi abu uku ka karanta a makon farko: kasafin kuɗin ma'aikatar na bana, tsarin sassanta da hukumomin da ke ƙarƙashinta, da takardar miƙa aiki ta wanda ya riƙe kujerar kafin kai idan akwai.

Sannan ka nemi a rubuta maka jadawalin aikinka. Da yawa ana naɗa su da take mai faɗi, a ce mataimaki kan ilimi ko kan matasa, ba a faɗi abin da za su yi ba, sai mutum ya ƙare yana zaman ofis da rakiyar taro har wa'adi ya cika. A ganinmu wannan asara ce ga shi mai muƙamin, ga kuma jama'ar da ake biyan sa da kuɗinsu. In ba a ba ka ba, kai ka tsara shafi ɗaya: abu biyu ko uku da za ka sa a gaba cikin wata shida, da sashen da za ka yi aiki da shi a kan kowanne. Ka kai wa kwamishina ya sa hannu, a ba Babban Sakatare kwafi. Da wannan shafin darakta zai buɗe maka fayil ba tare da fargabar za a ce ya fitar da sirri ba.

Ga yadda shawara ke zama aiki. A ce an tura ka ma'aikatar ilimi, ka zaga ka ga makarantu goma sha biyu da iska ta yaye wa rufi. Matakin farko shi ne ka gano na wace hukuma ne, domin firamare na hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, manyan sakandare na da hukumarsu, makarantun kimiyya da fasaha ma na da tasu. Wanda ya rubuta wa hukumar da ba ita ke da makarantar ba ya ɓata wata guda a banza. Na biyu, ka buɗe kasafin bana ka nemo layin gyaran makarantu da lambarsa, ka tambayi nawa aka riga aka kashe a ciki. Na uku, ka nemi sashen gine-gine ya tura ma'aikacinsa ya auna ya fitar da ƙiyasi. Ƙiyasin da ka karɓo daga ɗan kwangilar da ka sani ba zai wuce ba, zai ma sa a fara yi maka wani kallo. Sai ka rubuta memo, wato takardar neman amincewa, da bai wuce shafi biyu ba: take, maƙasudi a layi biyu, halin da ake ciki da sunan kowace makaranta da yawan azuzuwa da ɗalibai, jadawalin kuɗi, lambar kasafin da za a cira, sai abin da kake roƙo a amince da shi a jimla ɗaya bayyananniya. Ka liƙa hotuna da ƙiyasin a baya.

Takardar ta shiga ta rajistiri a sa ta a fayil, a ba ta lambar shafi. Kada ka miƙa ta hannu da hannu a mota ko a wajen ɗaurin aure, don takardar da ba ta da fayil ba ta da mai bin ta. Ka rubuta lambar fayil ɗin da ranar a littafinka. Daga nan Babban Sakatare zai tura wa daraktan da abin ya shafa ya yi sharhi, ta dawo, ta hau wajen kwamishina. In kuɗin ya wuce abin da yake da ikon amincewa, sai ta tafi wajen gwamna ko Majalisar Zartarwa. Bayan amincewa sai neman sakin kuɗi ta Ma'aikatar Kuɗi da ofishin Akanta Janar, ga kuma ƙa'idar bayar da kwangila da za a bi. A rajistiri akwai littafin da ake rubuta fitar kowane fayil da inda ya nufa. Ka riƙa leƙawa duk mako, ka san sunan magatakarda da masinjan da ke ɗaukar fayil, ka mutunta su. Su ne za su ce maka yana teburin wane tun ranar Talata.

Abu biyu ke kashe irin wannan takarda. Na farko tsallake: ka kai wa gwamna kai tsaye don kana da hanyar ganin sa. Ko ya sa hannu, takardar ma'aikatar za ta dawo don aiwatarwa, wajen mutanen da suka ji labari daga waje, kuma za su samo dalilai na gaskiya da za su riƙe ta, don babu ƙiyasinsu babu lambar kasafi. Idan gwamna ya tambaye ka shawara ka ba shi, haƙƙinsa ne, amma ka sanar da kwamishina a ranar. Na biyu rashin sanin lokaci. Kasafin jiha daga Janairu zuwa Disamba yake, kuma tun a rabin shekara na biyu Ma'aikatar Tsare-tsare da Kasafi ke aika wa ma'aikatu su kawo buƙatunsu na baɗi, a kare su, gwamna ya kai majalisa kafin shekara ta ƙare. Wanda ya zo da sabon shiri a watan Maris, in babu layinsa a kasafi, sai dai ya jira ƙwarya-ƙwaryan kasafi ko baɗi. Saboda haka babban aikinka a watannin da ake haɗa kasafi shi ne ka zauna da daraktan tsare-tsare ka ga shirinka ya shiga. Ka kuma sani kasancewar abu a kasafi ba ya nufin kuɗin na nan. Sakin kuɗi wani zance ne daban.

Kuɗi, kyauta da baki

Kada ka yarda a zuba kuɗin wani shiri na gwamnati a asusunka na kanka, ko da an ce don a yi sauri ne, ko na tallafi ne da za a raba gobe. Ranar da EFCC ko ICPC ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha suka buɗe bayanan banki, sunanka za su gani, wanda ya ba ka umarni a baki kuwa ba ya ciki. Duk umarnin da ya shafi kuɗi ka ce a rubuta. In tafiyar aiki ce, a amince kafin ka tashi, in ka dawo ka kawo rasit da tikiti da ɗan rahoto a rufe baucan. Kuɗin da aka ba ka gaba ba ka kawo bayaninsa ba yana nan da sunanka a littafi, mai binciken kuɗi zai tayar da shi, kuma za a iya cire shi daga haƙƙinka na ƙarshe.

Doka ta hana ka karɓar kyauta saboda wani abu da ka yi ko ka ƙi yi a bakin aiki, kuma kyautar da ta fito daga ɗan kwangila ko kamfanin da ke hulɗa da gwamnati ana ɗaukar ta a haka sai in an tabbatar da akasi. Abin da aka yarda shi ne na 'yan uwa da abokai gwargwadon al'ada. Ragon Sallah daga mai neman aiki a ma'aikatarka ba ya cikin wannan. Haka nan kada kamfaninka ko na matarka ko na ƙaninka ya nemi aiki a inda kake.

Masu ɗauko rahoto da duk mai rubutu a Facebook su kula da wannan: hoton memo ko shafin fayil ba abin sakawa ba ne, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 na nan. Amincewar da ba a saki kuɗinta ba kada ka sanar da ita kamar an gama, don jama'a za su zo neman abin da babu. Alƙaluma ka karɓe su daga sashen da ke da su, ka nuna wa jami'in hulɗa da jama'a na ma'aikatar kafin ka wallafa.

Sai maganar jama'a, wadda ita ce ta fi nauyi a Kano. Daga ranar da aka ji naɗinka, mai neman aiki da mai takardar asibiti da mai kuɗin makaranta za su yi sallama, kuma da yawansu buƙatarsu ta gaskiya ce. Ka ware wani kaso sananne daga albashinka don wannan, in ya ƙare ka faɗi gaskiya. Kada ka karɓi takardun mutum ka ce an gama, alhali ɗaukar aiki na hannun Hukumar Ɗaukar Ma'aikata. Abin da za ka iya shi ne ka sanar da mutanen mazaɓarka da wuri idan an buɗe ɗauka ko tallafi, ka taimaka musu su cike daidai. Kuma kada ka ci bashin banki na shekara huɗu a kan albashin da za a iya tsayarwa da sanarwa ɗaya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sauka

Hanyoyin sauka uku ne: ka ajiye da kanka, a sauke ka, ko wa'adin gwamna ya cika ranar 29 ga Mayu. Mai niyyar takara ya sa ido tun da wuri. A 2022, sashe na 84(12) na Dokar Zaɓe ta wannan shekarar ya hana mai muƙamin siyasa zama daliget mai jefa ƙuri'a ko tsayawa a zaɓe shi a zaɓen fitar da gwani, abin da ya sa da yawa suka ajiye muƙamansu kafin zaɓukan fitar da gwani na shekarar. Ka duba dokar da ke aiki a lokacinka da jadawalin jam'iyyarka, ka miƙa takardar ajiye aiki ta ofishin Sakataren Gwamnati, a buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata. Wannan hatimin ne hujjarka idan abokin takara ya kai ka kotu. Albashin da ya shigo bayan ranar ka mayar da shi.

In sanarwar rushe muƙamai ce ta fito, yawanci takan ce a miƙa wa Babban Sakatare ko jami'i mafi girma a wurin, cikin kwanaki kaɗan. Shi ya sa ake rubuta takardar miƙa aiki tun ana kan kujera, a riƙa sabunta ta duk bayan wata uku. Ta ƙunshi ayyukan da aka gama, waɗanda ke tafiya da lambar fayil ɗin kowanne da teburin da yake, alƙawuran da aka yi wa wata hukuma ko ƙungiya a rubuce, kuɗin da ke hannunka in akwai, da jerin kayan gwamnati: mota da lambarta da makullai da takardunta, kwamfuta, katin shaida, hatimi, har da kalmar sirrin shafukan ma'aikata na intanet in kai ke riƙe da su. Mai kula da sito ya duba kaya ɗaya bayan ɗaya ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Mota ba ta zama taka don ka daɗe kana hawa; sai in akwai takardar da ta ce an sayar maka ko an ba ka, da rasit ɗin abin da ka biya. Fayil ko guda kada ya bi ka gida.

Game da haƙƙin sallama, mai ba da shawara na musamman na cikin waɗanda hukumar rabon arzikin ƙasa, RMAFC, ke tsara wa albashi, kuma dokar tarayya ta 2008 ta sa kuɗin kayan ɗaki da na sallama kowanne a kan kashi 300 cikin 100 na tushen albashin shekara. A jiha, abin da dokar jiha da takardarka suka ce shi za a bi, kuma mataimaka ba lalle su samu irin wannan ba. Ko kana da haƙƙin, biyan na iya ɗaukar shekaru: a 2025 ne gwamnatin Kano ta biya tsofaffin kansilolin da suka yi aiki tun daga 2014 nasu. Don haka ka haɗa fayil naka na gida mai ɗauke da takardar naɗi, ta amincewa, shaidar albashin wata-wata, takardar sauka, shaidar ka miƙa kaya, da shaidar fom ɗin kadara na shiga da na fita. Ka rubuta neman haƙƙinka ta ofishin Sakataren Gwamnati, in abin ya ƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na da reshe a Kano, kuma da waɗannan takardun lauya zai yi aiki. Wanda ya zo daga aikin gwamnati kuma ya rubuta takardar dawowa bakin aiki a makon da ya sauka, ya kai wa hukumar da ta ba shi hutu da kwafin takardar saukar, ya bi ta har a mayar da sunansa cikin jerin masu albashi.